Shan Ruwa a Kan Gadar da Ba a Gama Ba

Cokali ne ya fara. Ina wanke shinkafa sai na ji yana kaɗawa cikin kofin shayi, ƙis-ƙis-ƙis, ba wanda ya taɓa shi. Na yi a'uziyya. Maƙwabciyata ta leƙo tana dariya.

"Ba aljanu ba ne, Hajiya. Kamfani ne ke dukan ƙasa."

Kamfanin da ya gama titi can wajen unguwar Malam ne ya ƙaraso gefenmu zai yi gadar sama. Mazan unguwannin Nima da Mamobi na nan Accra suka yi layi, maigidana ma aka ɗauke shi. Kullum in na fita Kasuwar Malam Atta sai na tsaya kallon ginshiƙan nan suna tashi, har sun wuce hasumiyar masallacinmu. Ikon Allah, ɗan Adam da ɗan ƙaramin hannunsa!

Ana cikin azumi maigidana ya ce mini gobe za a zuba kankaren sama.

"In an fara ba a tsayawa, kada ginin ya tsage. Wanda ya sauka ya bar aikinsa kenan."

"To shan ruwa fa?"

Ya ɗauki buta ya fita alwala. Mutum ne mai hawan jini, ga ranar Accra.

Da la'asar sakaliya na soya ƙosai, na dama koko, na kama hannun ƙaramar 'yata. A bakin ƙofar wajen aikin na tarar da matan Zango sun riga ni, kowacce da kwanonta. Maigadi ya ce ba mai shiga. Muka tsaya bayan shingen waya muna ɗaga kai. Mazan can sama sun koma kamar tururuwa masu hular kwano, kankare na bulbulowa daga wani dogon bututu. Na kasa gane nawa. Bakina sai salati.

Ladan ya ɗaga murya. Injin kankaren bai mutu ba, amma na ga wani layin mutane na hawa tsani. Kiristocin wajen ne, 'yan ƙabilar Ga da Asante, suna karɓar shebur daga hannun namu ɗaya bayan ɗaya. Ashe foman, shugaban ma'aikatan, ne ya tsara haka, namu kuma su riƙe musu safiyar Lahadi. Maigadin da kansa ya zuba kwanukanmu cikin bokitin da ake ja da igiya, yana tsokanata: "Maame, ƙosan nan ba na maigadi?"

Na miƙa masa uku.

Can muka hango sahu a kan katakon gadar, sun shimfiɗa buhunan siminti, kankare na zuba a bayansu. Da suka yi ruku'u na gane maigidana da yadda yake dafa gwiwar hagu. Hawaye suka zubo mini. Yarinyar ta ja mayafina.

"Mma, daina kuka. Kin ga Baba ya sha koko, yana salla a sama."