Anti Rula da Katin da Ya Ƙi Shiga Cikin Giwa

Shekara talatin da ɗaya Anti Rula ta yi tana zana taswirar filaye a ofishin safiyo. Sunan ya samo asali ne daga wata rular ƙarfe da ba ta rabuwa da ita. Da ita take jan layi, da ita take nuna wa shugabanta kuskurensa, da ita take sosa baya. Da alƙalami da tawada ta fara aiki, shi ya sa da aka kawo kwamfuta ofis sai da ta yi wata shida tana ɗora mata kofin shayi kafin ta yarda ta kunna ta. Da ta ƙware kuwa, ta hana kowa taɓawa.

Kwamfutar irin ta masu zane ce, baƙa, jibgegiya, sai mutum biyu sun yi nishi kafin su ɗaga ta. Ma'aikata suka sa mata Giwa. Lokacin da Anti Rula ta yi ritaya ofis ya riga ya sayo sababbi, aka ce Giwa sito za ta. Ta ce ba inda za ta sai gidanta. Shugaban ya sa hannu da rawar jiki, ga alama yana murnar rabuwa da su biyun a rana ɗaya.

A gida ta ajiye ta a ɗakin da 'ya'yanta suka bari, kusa da keken ɗinkin da ya zama wurin rataye kaya. Aiki bai yanke ba: masu filaye da masu rigimar katanga suka ci gaba da sallama. Sai dai ido ya fara gajiya, har takan kai hancinta jikin tsohon allon kwamfutar kafin ta karanta lamba. Babbar 'yarta ta ga haka, ta aiko mata da sabon allo faffaɗa. Anti Rula ta yi murna, ta ƙudurta za ta haɗa biyun, ɗaya na zane, ɗaya na takardu.

Nan rigimar ta soma. Wayar tsohon allon mai shuɗin kai ce, da ƙusoshi biyu da ake murzawa. Sabon kuwa wasu siraran ramuka biyu ne kawai a bayansa. Ta juya wayar sama, ta juya ta ƙasa, ta hura ramin, babu inda ta shiga.

Sai ga ƙaninta, wanda kowa ke kira Injiniya. Fankoki da tociloli yake sayarwa, kuma bai taɓa karanta injiniyanci ba. Ya sami sunan ne tun ranar da ya buɗe rediyon mahaifinsu ya mayar, ƙusoshi biyar suka yi saura. Ya leƙa bayan Giwa, ya ce wannan ai aikin minti biyu ne. Washegari ya dawo da adafta uku, ya jona wannan a bakin wancan har suka yi tsawon kamu guda suna reto. Hoto ya fito, amma dishi-dishi, kowane layi da inuwarsa. Anti Rula ta zana da'ira, ta fito kamar ƙwai.

Injiniya ya ce ba laifin adaftocinsa ba ne, katin hoto ne ya tsufa, wato abin da ke tura hoto daga cikin kwamfuta zuwa allo. Bayan kwana biyu ya shigo da kwali a kafaɗa. Katin da ke ciki irin na masu wasan kwamfuta ne, da fanka uku da fitilu masu canza launi.

"Yaya, wannan ko jirgin sama kike zanawa zai ɗauka," in ji shi.

Suka buɗe cikin Giwa, suka share gawar wata tsaka da ta daɗe da cikawa a ciki. Ya tura katin, ya ƙi shiga. Bayansa ya tokari wani kejin ƙarfe, ya yi tsawo da kamar yatsa uku. Ga shi kuma yana neman wata wayar wuta mai baki takwas, akwatin wutar Giwa ba shi da irinta. Injiniya ya tambaya ko akwai zarto a gidan ya yanke kejin. Wayar kuma, ya ce, zai feɗe wasu biyu ya naɗe da salatif. Ya miƙa hannu ke nan rula ta sauka a bayan yatsunsa.

"Tun kana rarrafe nake tsare kaya daga hannunka," ta ce. "Ɗauki fitilunka ka tafi."

Da ya tafi ta yi abin da ta iya. Ta auna cikin Giwa tsawo da faɗi, ta zana taswirarsa a takarda kamar fili. Ta kwafe lambobin da ke jikin akwatin wuta, ta zana siffar kowane rami na bayan allunan biyu. Ta naɗe takardar ta nufi layin masu gyaran kwamfuta.

Mai shago na farko ya ce ta yar da tsohuwar ta sayi sabuwa. Na biyu ya ce Mama ta turo wanda ya san abin ya yi bayani. Ta dube shi sama da ƙasa, ta gaya masa kantar shagonsa a karkace take, ta wuce. Na uku wani mai sanƙo ne da ya ɗaure tabaransa da zare. Ya daɗe yana kallon zanen, har ta zaci barci ya ɗauke shi. Can ya tambaye ta wasa take yi da kwamfutar ko aiki, kuma allo nawa take so. Ta ce zane ne, allo biyu.

Ya jawo durowa, ya fito da wani kati ɗan siriri, na hannu, da 'yar fanka ɗaya. Ya ce na kwamfutocin zane ne, ba ya neman ƙarin waya, wutar ramin da ake cusa shi ta ishe shi. Sabon allo waya ɗaya zai ci kai tsaye, tsohon kuma adafta ɗaya tak mai ɗan akwati, wadda ke juya hoton zuwa yaren da shuɗiyar waya ke ji. Ta ɗora rula a kan katin, ta ga zai shiga har da rara. Duk da haka ta ce ba ta saye sai ta gani da idonta.

Washegari maigidanta, tsohon direban motar asibiti, ya yi dakon Giwa da allunan zuwa shagon, yana mitar cewa marasa lafiya da yawa ba su kai Giwa nauyi ba. Mai sanƙo ya cusa katin, ya ɗaure ƙusa ɗaya, ya kunna. Giwa ta yi gurnaninta na kullum, sannan allunan biyu suka haska tare. Anti Rula ta zana da'ira, ta auna ta tsaye da kwance. Daidai. Ta karanta ƙananan lambobi daga inda take zaune, ba ta sunkuya ba. Wani daɗi ya kama ta, amma abin da ta ce kawai shi ne ba laifi.

Injiniya ya mayar da nasa katin, masu shago suka ƙi karɓa saboda ya kankare masa gefe. Har yau yana gaya wa mutane shi ya gano matsalar. Tsohon allon kuma bai daɗe yana aikin takardu ba. Maigidan ya gano ana iya kallon ƙwallo a kansa, ya jawo kujera ya kafa a gefenta. Yanzu da rana za ka same su a ɗakin, ita tana raba wa mutane iyaka, shi yana zagin alƙalin wasa, lokaci-lokaci ta ɗago kai ta ce masa ai ƙwallon ta riga ta tsallake layi.