Murmushin Nicasia a Gefen Igwa

Duk wanda ya taɓa hawa tsohon sansanin sojan Sifaniyawa da ke kan tudu a Cartagena ya ga Nicasia Obeso, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke tsayawa gefen igwa daidai inda hawa ke ƙarewa, inda baƙi ke isowa suna haki, sanye da buje mai rawaya da shuɗi da ja, da daron kayan marmari a ka. Hotonta ya je ƙasashen da ko sunansu ba ta iya faɗi. Abarba da gwandar da ke cikin daron nan kuwa ba na sayarwa ba ne. Sukan yi kwanaki suna shan rana, in sun fara laushi a kai gida a sha.

Daga ƙauyen Palenke ta zo tun tana budurwa, ta biyo yayarta Eufemia, wadda ta rene ta bayan rasuwar uwarsu. A lokacin alewar kwakwa suke talla a bakin teku, ƙafa na aiki, murya na aiki. Sannu a hankali baƙi suka fi son hoton mai talla a kan abin tallar. Eufemia ta ce ita ba gunki ba ce, ta tattara ta koma gida ta kama noman rogo. Nicasia ta zauna. Ƙafarta ta huta, fuskarta ta karɓi aikin. Ta gano cewa gefen hagu ya fi kyau a hoto, a ɗaga haɓa kaɗan, a bar haƙora a waje. Da safe takan sa murmushin tare da bujen, da yamma a cikin bas ta riƙa murza muƙamuƙinta har ya saki.

Waƙar kuwa Wilfrido ne ya jawo ta, wani mai yi wa baƙi jagora, bakinsa kamar rediyo.

"Inna Nicasia, baƙin nan sun gaji da kallon duwatsu. Ba ki da wata 'yar waƙar kakanni ne?"

Waƙar kakanni ɗaya ta sani, wato lumbalú, wadda matan Palenke ke yi suna zagaya gawa, suna tafi, har a kai gaɓar da jinin mamaci zai kira sunansa, don ya kama hanya kada ya tsaya yana gararamba a gari. Ba a yin ta sai da gawa a kwance. Ranar dai Nicasia ta ɗauko farkonta, ta tsaya cak kafin wurin kiran suna, baƙi suka tafa, ta miƙa hannu. Da ta koma gida ta kasa cin abinci. Washegari ta ci. Babu abin da ya faru, babu wanda ya mutu, sai waƙar ta shiga cikin kayan aiki tare da daro da buje. Shekara da shekaru ke nan.

Dionisia, 'yar garinsu da ke tsayawa a igwa ta gaba, takan tsokane ta.

"Yau gawa nawa kika raka, ƙawata?"

"Jirgin ruwa guda, har da direbansa."

Labari ya kai Palenke, kamar yadda ya saba kaiwa. Da Nicasia ta je gida wani biki, ta ɗauka yayarta za ta yi mata tas. Eufemia tana ɓare rogo, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Na ji kina rabar da waƙar nan a kan tudu. To, ki dai rage mini kaɗan."

Nicasia ta yi dariya, ta ce Yaya akwai tsokana.

Wata rana waya ta shigo mata da tsakar rana, lokacin da wasu mata da miji suka sa ta a tsakiya. Aka ce mata Eufemia ta rasu. Ta saurara, ta ce to, ta mayar da wayar cikin zani. Sannan ta juya gefen hagu aka ɗauki hoton. Ta bar wa Dionisia daron, ta gangara ta nemi motar Palenke. A hanya ta jira wani abu ya motsa a ƙirjinta. Ta ga shanu, ta ga masu gyaran taya, ta ji ƙishirwa ta sayi ruwa.

Washegari da sassafe aka fito da akwatin gawar tsakar gida. Doguwar ganga ta fara, mata suka yi da'ira. Gwaggo Tomasa, tsohuwar da ke jagorantar masu waƙar makoki, ta taɓa kafaɗar Nicasia.

"Ke ce jininta, 'yar nan. Ɗauko."

Nicasia ta ɗauko. Muryar ta fito tas, ta ma fi ta kowa, tunda ita kaɗai ke yin waƙar kullum. Matan suka amsa, ƙafafu suka kama ƙasa. Aka zo gaɓar suna, sai ta tsaya cak. Kanta ya juya gefen hagu, haɓa ta ɗaga, haƙora suka fito, hannunta na dama ya miƙe a buɗe a kan akwatin yayarta.

Mai ganga ya rasa abin yi, ya bar hannunsa a kan fata.

"Ikon Allah," in ji wata daga baya. "Ta ɗauka mu Turawa ne."

Gwaggo Tomasa ta matso ta naɗe mata yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sauke hannun.

"Sauran fa? Kira ta mana, tana jiran ki."

Nicasia ta buɗe baki, babu komai a ciki. Ba mantuwa ba ce, ta san kalmomin kamar yadda ta san hanyar rafi. Maƙogwaronta ne ya saba a nan ake tsayawa. Tsohuwar ta karɓa ta ƙarasa, amma kowa a wurin ya san kiran wanda ba jini ba rakiyar bakin ƙofa ce kawai.

Kwana tara ake yi ana waƙar makoki, safe da yamma. Kullum a ba ta, kullum ta tsaya a wuri ɗaya. Mata suka daina yi da ita a ɓoye, suka koma yi a gabanta, ita kuwa ko kunya ba ta ji ba. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan, in ma tsoro ne. Ta wanke tukwane, ta dafa wa masu zaman makoki shinkafa da kifi, ta kwana a gadon Eufemia ta yi barci sosai. Rana ta ƙarshe aka kashe kyandirorin da aka kunna wa mamaciyar, alamar ta tafi, aka share tsakar gida, kowa ya kama gabansa.

Ran Litinin tana gefen igwarta. Dionisia ta zuba mata sabuwar abarba a daro. Wajen hantsi Wilfrido ya hauro da garken baƙi, jajaye saboda rana.

"Inna, sannu da dawowa, Allah ya ba da haƙuri. A ɗan taɓa musu?"

Ta sa murmushin, ta ɗauko. Aka zo wurin tsayawa, baƙi suka ɗaga hannu za su tafa, sai waƙar ta ƙi tsayawa.

"Eufemia! Eufemia 'yar Obeso, yayata, kama hanya!"

Baƙin suka tafa duk da haka. Wilfrido ya dube ta, ya dubi agogonsa, ya ce musu wannan waƙar murna ce ta mutanen ƙauye, su biyo shi a ga ramukan ƙarƙashin ƙasa. Suka bi shi.

Dionisia ta bar igwarta ta zo da sauri. Ta sauke wa Nicasia daron ta ajiye a kan dutse, ta sauke nata, ta fara tafi tana amsawa. Su biyu suka riƙa zagaya tsohon ƙarfen nan mai tsatsa, ba ganga, ba gawa. Murmushin bai bar fuskar Nicasia ba, ya ƙi sauka, ruwan ido yana gangarowa yana shiga cikinsa.

"Ƙawata," in ji Nicasia tsakanin baiti da baiti, "an riga an kashe kyandir. Daga nan za ta ji kuwa?"

"Ni ina zan sani? Ke dai kira."

Ta sake kira. Daga ƙasan tudu wasu baƙin suna ta hawowa, har sun fara ciro wayoyinsu.