Majonmu Ma Yana Bakin Ƙofa

Jama'a, ku ji inda na maƙale yau!

Na kawo Inna babban asibiti a Damagaram, ƙafarta ta kumbura suntum. Mai gadi ya tare mu: "Sabon tsari ne, kowa ya fara daga likitar ƙauyensu, wato ƙaramin asibiti, a rage cunkoso da wahalar kuɗi. Ina takardar majo, shugaban likitarku?"

Na ce likitarmu a rufe take, majo ba ya nan.

"To, ku koma ku jira shi."

Ina juyowa, wa zan gani a gindin bango, dafe da ciki? Majo!

"Majo, don Allah rubuta mana!"

Ya ce, "'Yata, hatimi yana gida. Ni ma takardar suka ce in kawo."

Inna ta matsa masa a tabarma. Har yanzu muna nan.