Gwaggo Furera da Dokin Ƙofa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, Allah Ya karɓi ran ƙanwar mahaifina, Gwaggo Furera ta Ƙofar Marusa, bayan ciwon haƙarƙari na 'yan kwanaki. Gwaggo, a zaman makoki na kasa cewa komai. Kin san ni da nauyin baki, shi ya sa na ɗauki biro.

Shekaru kika yi da ciwon jijiyoyin da likitoci ke kira MS. Ƙafarki ta dama ta yi nauyi, ganinki ya dushe. Wasu suka ce aljanu ne, wasu sammu. Ke kuwa malamar kimiyya, wayar caja kika nuna mini wadda ɓera ya gwaigwaye. "Haka garkuwar jikina ke yi wa rigar jijiyoyina. Masu gadi ne suka ruɗe, suna dukan 'yan gida."

Da karatu ya gagare ki, ni ke karanta miki littattafaina na soyayya, ina tsallake inda nake jin kunya. "Ke ɗiyar nan, koma baya, na ji kin yi tsalle!" Sai mijinki Baba Gidaɗo ya yi dariya yana matsa miki ƙafa. Duk jaruman littattafan nan ban ga wanda ya kai shi ba.

Da aka sa ranar auren yayata Sumayya, dangi suka yanke ki zauna gida, wata ta kai amarya. Alhali ke kaɗai ce gwaggonta, kuma a zuriyarmu gwaggo ce ke riƙe hannun amarya, su tsallaka dokin ƙofar ɗakinta tare, da ƙafar dama. Kika ce, "Ina raye? Wallahi ba a isa ba."

Lokacin ne kika fara zuwa wani asibiti a Kano neman maganin iskar ozon. A ɗibi jini kaɗan, a gauraya da iskar, a mayar jiki, wai ko garkuwar za ta lafa. Likitanki bai ɓoye miki ba: bincike bai tabbatar da shi ba, kada ki bar maganinki na kullum. Ba ki bari ba. Da la'asar kuma Baba Gidaɗo ya kwantar da taɓarya a tsakar gida, ki yi ta gwada tsallakawa. Kin faɗi har kin fasa leɓe. Washegari kika ce a fito da ita.

Ranar kai amarya, a bakin ɗakin, mata suka zuba miki ido. Kika miƙo mini sandarki, kika kama hannun Yaya. Ƙafar ta tsaya tana rawa. Kika ce bismillah da ƙarfi. Ta ɗagu, Gwaggo, ta tsallaka! Guɗa ta ɓarke har maƙwabta suka leƙo, amarya ta yaye mayafi ta rungume ki.

A mota na tambaye ki a hankali ko iskar ozon ɗin ce ta yi aiki. "Ban sani ba, ɗiyata. Ciwon nan dama yakan lafa ya dawo. Allah ne Ya ara mini ƙafa, na kuwa more ta."

Ya Allah, Ka jiƙan Gwaggo Furera, Ka sa jinyarta ta zama kaffara, Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyya ga Baba Gidaɗo, da mahaifina, da Yaya Sumayya, da duk ɗalibanta. Allah Ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.