Kifayen Mai Aski a Sabon Gilashi

Shekara da shekaru Mai Aski yana shagonsa na kusa da tashar mota, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da batir. Kujera ɗaya gare shi mai juyawa, da madubi mai tabo a gefe, da bencin masu jiran layi. A kan kanta kuma akwai ɗan akwatin gilashi, a ciki kifayen ado uku masu ruwan zinariya: Mai Sanƙo, da Acici, da Gimbiya mai jan wutsiya. Don yara masu tsoron ƙarar injin aski ya ajiye su. Da yaro ya ɓare baki sai ya ce, "Dubi Mai Sanƙo, ƙwal-kwabo na yi masa, ko tari bai yi ba." Kafin yaro ya gano wanne ne Mai Sanƙo, rabin kai ya tafi.

Sai hannunsa ya fara rawa. Da farko injin ya ɗora wa laifi. Ran da ya yanki wani tsohon kwastoma a bayan kunne, mutumin ya ce ba komai, amma Mai Aski ya san da komai. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya ɗaya ta bar masa. Ita da mijinta suka lallaɓa shi ya saki shagon, suka kama masa ɗaki a saman wani bene kusa da unguwarsu. Kusancin dai na baki ne, domin su biyun aiki suke yi, sai ƙarshen mako ake ganinsu.

Wajen kwasar kaya akwatin ya tsage, kifayen suka iso a bokiti. Surukin, mutumin kirki, ya sayo sabo babba mai fitila. Ya wanke shi tas da sabulu, ya zubar da tsohuwar tsakuwa da baƙin soson da ke cikin matatar ruwan.

"Baba, wannan ai ƙazanta ce. Yanzu za su san sun shigo birni."

Ya cika shi da ruwan famfo, ya juye kifayen. Mai Aski ya yi ta sa masa albarka.

Ba a jima ba ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Acici, wanda ko yatsa ka miƙa sai ya tsotsa, ya daina kula abinci. Gimbiya ta naɗe wutsiya ta kwanta a ƙasa. Mai Sanƙo kuwa ya maƙale a sama yana buɗe baki yana rufewa. Mai Aski ya zaci baƙunta ce, sai ya ƙara musu abinci. Ya kira 'yarsa.

"Baba, ina tsakiyar aiki. Kifi ne fa? Zan kira ka."

Wata safiya ya tarar da Mai Sanƙo ya juya ciki sama. Ya yago gefen tsohon ƙyallen aski ya naɗe shi, ya sauka a hankali, ya tona ƙasa a gindin wata bishiya bayan benen. Wani maƙwabci ya wuce da waya a kunne, bai ko kalle shi ba. A shago da abu kaɗan ya faru, kafin rana ta take duk layin ya ji, har a samu mai yi masa ta'aziyyar tsokana. Nan kuwa ya rufe ramin da ƙafa, ya koma sama.

Da tambaya ya gano shagon kifin ado a bayan kasuwa. Mai shagon wata mace ce mai ƙiba, hannunta kullum a jiƙe. Ta saurare shi har ƙarshe, abin da ya kwana biyu bai samu ba.

"Baba, a shago da wane ruwa kake musu canji?"

"Na bokiti. Famfonmu ba kullum yake kawowa ba, sai in tara in ajiye."

"To shi ya cece su, ba ka sani ba. Ruwan famfo da magani a ciki, sai ya kwana a buɗe ya huce, ko a ɗiga masa wannan." Ta miƙo masa 'yar kwalba. "Baƙin soson nan da aka yar kuma, wasu ƙwayoyi ne a ciki da ido ba ya gani, su ke cinye dattin kifi. Sabon gilashi ba shi da su."

"Ashe tsabta ma tana kisa."

"In ta yi yawa." Ta ciro soso daga nata akwatin, ta yanko masa rabi, ta ƙulle a leda da ruwansa. "Sa wannan a matatarka, kada ka wanke shi da famfo. Ruwa kuma kaɗan-kaɗan za ka riƙa canzawa, ba duka ba. Abinci ɗan mitsitsi. Yunwa ba ta cika kashe su ba, ƙoshi ke kashe su."

Haka ya yi. Ya jera bokitai a banɗaki, kullum ya ɗebe kaɗan ya zuba kaɗan, hannu na rawa, ruwa na zuba a kan silifas. Sannu a hankali gilashin ya washe. Gimbiya ta ware wutsiya, Acici ya koma halinsa. Bai taɓa gaya wa surukin abin da ya faru da soson ba. Mutum ya yi don alheri, me za a tona?

Ya ci gaba da zuwa shagon matar da tambayoyin da ya riga ya san amsarsu. Ta gane, ta kan ja masa kujera. Amma in masu saye sun cika, sai ya ga ya tare hanya, ya miƙe ya yi sallama.

Da 'yarsa ta zo ƙarshen mako ta leƙa gilashin.

"Lah, Baba, sun yi ƙiba! Ba uku ba ne da?"

Ya gyara zama. Ya tanadi labarin tun daga farko, da farin ruwan, da bishiyar, da matar mai jiƙaƙƙen hannu. Yana buɗe baki wayarta ta yi ƙara, mijinta ne a ƙasa, ya tsaya da mota inda ba a tsayawa.

"Ka ajiye mini labarin, Baba, sai na dawo."

"Allah ya kiyaye hanya. Ki gaishe shi."

Ya saurari takunta har ya ɓace a matakala. Sannan ya shiga banɗaki, ya tsoma yatsa a bokitin jiya ya ji sanyinsa, ya ɗauko shi da hannu biyu.