Ranar da na nome abincin maƙwabciyata

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani sito da ke Wendover, na samu ɗan fegi a lambun unguwa bayan wata coci a East Greensboro, a Amurka. Bai fi shimfiɗar tabarma shida ba, amma yadda nake ji da shi sai ka ce gandun kakana aka mayar mini. Ni ɗan manoma ne. A garinmu idan aka ga ciyawa a gonarka, an gama sanin halinka. Don haka masarata da kuɓewata da yakuwata a jere suke, ƙasa fes, har tsayawa nake ina kallon kaina.

Fegin da ke jikin nawa na wata dattijuwa ce baƙar fata, malamar makaranta da ta yi ritaya, ina kiranta Mama. Mace mai kirki, kullum sai ta tambayi iyalina. Amma nata fegin, a idona, daji ne kawai. Tumatir biyu a gefe, saura duk wata ciyawa mai tokar ganye ta kai gwiwa. Nakan ce a raina, baiwar Allah ƙarfi ya ƙare, ga shi babu mai taimako.

Sai aka yi mata aikin gwiwa, ta kwanta a gida. Nan na ga damar neman lada. Na kira abokaina uku 'yan gida na ce ranar Asabar akwai gayya. Ban tambaye ta ba, don a wurinmu ba a neman izinin marar lafiya kafin a nome masa gona, sai dai ya warke ya tarar. Kafin hantsi ya ɗaga mun share fegin tas, mun tara ciyawar a jikin shinge, har hoto muka ɗauka.

Lokacin mahaifiyata tana wurinmu, ta zo taya matata jego. Da ta ji ana gayya ta ce ba a yin ta babu abinci, ta yi dambu, na koma gida na ɗauko ta da kular dambun. Tana shiga lambun ba ta ko kalli aikinmu ba, tsibin ciyawar ta nufa. Ta zari ɗaya, ta murza ganyen, ta shinshina, ta kai baki.

"Wa ya ce ku cire wannan?"

Na ce, "Inna, ciyawa ce."

Ta ce, "To kai ciyawa ce ta raya ka. Shekarar da rumbunmu ya ƙare gero bai nuna ba, me kake zaton ka ci? Rukuɓu da tafasa nake tsintowa a bayan gari. Wannan ɗan'uwan rukuɓu ne." Sannan ta nuna mini wasu ƙananan duwatsu da muka watsar da fartanya. "Ka taɓa ganin wanda ya jera wa ciyawa duwatsu?"

Wallahi sai na ji dambun ya fita raina. Abokaina kuwa kowa ya shiga duba wayarsa.

Na daure na kira Mama a waya na faɗa mata abin da na aikata. Can ta ce irin daga filin mahaifinta ta tsinto shi, wajen Summerfield, inda kakarta ke kai ta ɗiban ganye tana yarinya. An sayar da wurin, ta je ta kakkaɓo irin kafin motocin gini su shiga, kuma duka ta zuba a fegin nan. Yanzu gidaje ne a can. Ga shi bai kai ga yin 'ya'ya ba muka tuge shi. Ta ce, "Na san alheri ka nufa, ɗana." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na fassara wa Inna. Ta gyara ɗaurin zani ta zauna gaban tsibin nan cikin rana, tana ware masu sauran saiwa ɗaya bayan ɗaya. Ta datse musu kai don kada ganye ya shanye ƙarfinsu. Ta ce fegin Mama yanzu babu inuwa, rana za ta ƙarasa su, sai dai gindin masarata. Wuri bai isa ba, ta dubi layin kuɓewata da ta fara fure ta ce, "Cire." Na buɗe baki, ta dube ni, na cire.

Sati biyu ina zuwa da ruwa safe da yamma, kafin aiki da bayan an tashi, ina kāre su da kwali. Ni da nake taƙama da kashe ciyawa na koma jinyarta. Guda bakwai suka tashi.

Ganyen da ba zai dasu ba kuwa, ranar gayyar, Inna ta tafasa shi ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, muka kai wa Mama. Ta ci loma ɗaya, ta rufe ido, ta ƙara. Nan ta shiga ba mu labari irin na malamai. Ta ce tun kafin masara ta iso ƙasar nan, mutanen farko farauta da tsintuwa suke yi, kuma ganyen nan da 'ya'yansa na cikin abincinsu, har wasu suka fara shuka shi a bakin koguna. Ta ce a wurare da yawa a duniya masu shuka da masu tsinta sun daɗe suna zaune gefe da gefe, suna musayar abinci, suna auratayya, wani lokaci suna faɗa, don kullum gona faɗi take yi, daji yana tsukewa.

Ina fassarawa, Inna tana gyaɗa kai. Ta ce, "Gaya mata mu ma haka ne. Mafarauta su kawo nama da zuma, mu auna musu dawa. Muna raina su don ba su da rumbu, amma duk shekarar da gona ta ƙi, su muke bi daji su nuna mana abin da ake ci da wanda ke kisa." Ta ƙara da cewa, "Kuma mu ne muka nome musu dajin."

Daga nan suka daina buƙatata. Mama ta fito da busassun ganyayenta a kwalabe, Inna tana shinshinawa tana kiran sunan wanda ta gane, kowa da harshenta, suna dariya. Ni aka bar ni da wanke kwano.

Da kaka ta yi, guda bakwai ɗin nan suka yi 'ya'ya. Mama ta zo da sandarta ta kakkaɓe su cikin ambulan, ta raba biyu ta miƙa mini rabi. Ta ce ba za ta sake ajiye shi a hannu ɗaya ba.

Har yau idan na tuna nakan ji kunya, amma girman matan nan biyu ya fi kunyar yawa a raina. Ni layi kawai na iya. Su kuwa ko babu gona ba za su kwana da yunwa ba, kuma sanin nan ya girmi fartanyata nesa ba kusa ba.

Inna ta koma gida, Mama kuma ta rasu. Kusurwa ɗaya ta fegina yanzu daji ce, na kewaye ta da duwatsu. Kwanaki wani ɗan'uwa sabon zuwa ya leƙo, ya girgiza kai ya ce, "Malam, aiki ya yi maka yawa, kawo fartanyar in share maka nan." Na riƙe ƙotar gam, na tsinko ganye ɗaya na miƙa masa, na ce ya fara ɗanɗanawa tukuna.