Tsohon Sajen Unguwar Gai

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Rano, ni da abokin karatuna. Kundin digirina na tarihi nake rubutawa, a kan tambaya guda: a tsarin jamhuriya, wa ya kamata soja ya bi? Saura wata ɗaya in miƙa, babin ƙarshe ya ƙi rubutuwa. Ana haka aka ba ni labarin wani tsohon saje a Unguwar Gai, can ƙasar Kibiya.

Hanya ba laifi, sai dai kuɗin mota ya ƙaru, direba kuma ya yi ta ɗora wa 'yan siyasa laifin tun daga tasha har muka sauka. A Rano muka karya da koko da ƙosai, muka hau acaɓa zuwa Kibiya. Damina ta yi kyau, dawa ta fi mu tsawo, taɓo kuwa ya yi wa wandona ado.

Mun iske tsohon a gindin ɗorawa yana gyaran fartanya, wani Bafulatani maƙwabcinsa na zaune a gefe. Aka gaisa, aka kawo fura da nono, na faɗi abin da ya kawo ni.

Bafulatanin ne ya riga shi: "Malam, lokacin soja ba a kore mana shanu."

Tsohon bai musa ba. Ya ce bayan wani juyin mulki an tura su su fitar da zaɓaɓɓen shugaban wata ƙaramar hukuma daga ofis. Da suka shiga, ashe malaminsa ne na firamare, wanda ya koya masa rubuta sunansa. Shi da kansa ya tasa shi gaba har mota.

Na ce, "Baba, me ya hana ka ƙi?"

"Umarni ne, ɗana. Amma bindigar nan da harajin manoma aka saye ta, har da na ubana. Su suka zaɓi malamin, mu kuma ba mu tambaye su ba."

Bai sake ganin malamin ba. Tun dawowar mulkin farar hula kuwa bai taɓa fashin zaɓe ba, ko da gwiwa na ciwo.

Mun iso gida bayan la'asar, a gajiye. Na tafi neman amsa guda ga tambayata, na dawo da maganar mutum biyu, kowa da gaskiyarsa: ɗaya yana so a tsare masa shanunsa, ɗaya yana so a riƙa tambayarsa. Jamhuriyar da ta kasa biya wa su biyun buƙata, ita da hannunta take buɗe ƙofar bariki.